Fatawa: Shin liman zai iya tallata ɗan takara a masallaci a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina cikin kwamitin wani masallaci a Bronx, birnin New York. Akwai ɗan takarar da jama'a ke so, sun nemi liman ya ambaci sunansa a huɗuba, a kuma ba shi gudummawa daga asusun masallaci. Wasu sun ce doka ta hana, wasu suka ce dokar da ba ta Musulunci ba ba ta hau kanmu ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sai an san abu ake yanke masa hukunci, don haka mu fara da dokar.

A 1954 Sanata Lyndon Johnson ya shigar da gyara cikin dokar harajin Amurka, a sashe na 501(c)(3). Duk coci, masallaci ko ƙungiyar agaji da aka yafe wa haraji, an hana ta goyon bayan ɗan takara ko yaƙarsa. Ana iya soke yafiyar wanda ya saɓa, ko a ci shi tarar kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka kashe, shugabannin da suka amince da saninsu kuma kashi 2.5 daga aljihunsu. An taɓa zartarwa: wani coci a jihar New York ya buga talla a jaridu a 1992 yana hana zaɓen Bill Clinton, hukumar haraji ta IRS ta soke yafiyarsa a 1995, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000.

Masu cewa dokar ba ta hau kanku ba sun yi kuskure. Kun karɓi yafiyar, masu ba ku sadaka suna rage harajinsu da ita, to kun karɓi sharaɗinta ke nan. Allah ya yi umarni da cika alkawari a ayar farko ta Suratul Ma'ida, hadisi kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wannan sharaɗin bai halatta haram ba, bai kuma hana ku salla ko wa'azi ba.

Maganar kuɗi ta fi nauyi. Haramun ne a ɗebi kuɗin masallaci a ba ɗan takara, ko da doka ba ta hana ba. Wanda ya jefa dala ashirin a akwatin Juma'a, haya da wuta da albashin liman ya nufa, kwamiti kuwa amana yake riƙe. Idan zakka ce, aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa gurabenta takwas, kamfen ba ya ciki. Wanda ya sa hannu aka fitar, shi zai biya. Haka nan lambobin wayar mamu, injin buga takardu da shafin masallaci na Facebook, duk dukiyar masallaci ce.

Ambaton suna a mumbari, a bar shi. Gaskiya ne a Yulin 2025 IRS ta shaida wa wata kotu a Texas cewa maganar malamin addini ga mabiyansa lokacin ibada ba ta saɓa doka ba. Amma matsayi ne a shari'a ɗaya, bai shafi kuɗi ko talla ba, kuma huɗubar da ake yaɗawa a YouTube ta wuce mutanen sahu. Ko babu wannan, rabuwar kan jama'a ɓarna ce, kau da ɓarna kuwa shi ake gabatarwa kan jawo amfani.

Abin da ya halatta yana da yawa. Ku yi wa mutane rajistar zaɓe ba tare da nuna jam'iyya ba. Ku gayyaci dukkan 'yan takarar kujerar, lokaci daidai, tambayoyi iri ɗaya. Liman ya yi wa'azi kan zalunci, tsadar haya ko shige da fice, kada ya ɗaura shi a wuyan wani ɗan takara. A wajen masallaci yana da 'yancin goyon bayan wanda ya ga dama da bakinsa da kuɗinsa, muddin ya bayyana cewa ba da yawun masallaci yake magana ba. Kafin ku shirya taron 'yan takara, ku nuna wa lauyan haraji tsarin a rubuce.

Wallahu a'alam.