Su wane ne ke cike gidajen yari, kuma me yawansu ke nunawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai nazarin zamantakewa. An ba mu aiki mu zaɓi ƙasa ɗaya mu yi bayanin irin mutanen da ke tsare a gidajen yarinta, manya ban da yara: jinsinsu, shekarunsu da laifuffukansu. Na samo alƙaluma, amma sun rikita ni. Me ya kamata in fi lura da shi? Sannan in aka ga wani rukuni na jama'a sun fi yawa a kurkuku, hakan na nufin su suka fi kowa aikata laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don a nan gizo ke saƙa. Amsar ita ce ba lallai ba.

Kafin mutum ya kwana a gidan yari sai ya ratsa ƙofofi da dama. Sai akwai dokar da ta ce abin da ya yi laifi ne. Sai an kai ƙararsa ko 'yan sanda sun yi ido biyu da shi. Sai an hana shi beli, ko an ba shi ya rasa mai tsaya masa. Sai alƙali ya zaɓi ɗauri maimakon tara, ko kuwa ya yanke tarar shi kuma ya rasa abin biya. A kowace ƙofa wasu na sulalewa, kuma galibi mai lauya da mai hali da mai uwa a gindin murhu su ne kan gaba. Wanda ya rage bayan duk wannan tankaɗe shi ake ƙirgawa. Saboda haka alƙaluman da ke hannunka suna ba da labarin laifi, haka ne, amma suna kuma ba da labarin majalisa da 'yan sanda da kotu da aljihun wanda ake tuhuma.

Dubi Elsalbado. A watan Maris na 2022 gwamnatin Nayib Bukele ta ayyana dokar ta-ɓaci don yaƙar gungun 'yan daba, kafin shekara biyu an kama fiye da mutum 70,000, ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya in aka auna da yawan jama'a, da fursuna sama da 1,000 cikin kowane mutum 100,000. A Japan adadin bai kai 40 ba cikin 100,000. Halin mutanen Elsalbado bai sauya a dare ɗaya ba. Hukuma ce ta yanke shawara, fuskar kurkukun ta canza.

A duniya baki ɗaya akwai fiye da mutum miliyan 11 a tsare, bisa ƙididdigar World Prison Brief da masu bincike a kwalejin Birkbeck ta Landan ke tattarawa. Amurka da Sin ke kan gaba, kowacce da sama da miliyan ɗaya da rabi, sai Brazil da sama da 800,000.

Batun jinsi da shekaru ba ya bukatar dogon bayani, don kusan ko'ina labarin ɗaya ne: maza ne, kuma mafi yawansu matasa ne zuwa 'yan shekara arba'in. Mata kusan kashi 7 ne cikin 100 a duniya, a Afirka ma kusan kashi 3. Abin lura kawai shi ne daga 2000 zuwa yau yawan mata ya ƙaru da fiye da rabi, gudun da ya ninka na maza, kuma dokokin miyagun ƙwayoyi na da hannu sosai a ciki. A Thailand da ƙasashe da yawa na Latin Amurka, akasarin matan da ke tsare ƙananan dillalai ne ko 'yan aike, ba masu harkar ba. Da yawansu iyaye ne, wasu da goyo. Wannan ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ka'idojin Bangkok a 2010, musamman don mata fursunoni.

Inda nake so ka zauna da kyau shi ne batun masu jiran shari'a.

Na sha shiga gidajen yari don aikin bincike, kuma abin da idona ke fara nema shi ne allon da ake ratayewa kusa da ofishin shugaban gida. Kowace safiya bayan an ƙirga mutane, wani gandiroba zai goge na jiya ya rubuta na yau da alli: waɗanda aka yanke wa hukunci a layi ɗaya, masu jiran shari'a a layi ɗaya, sai masu ɗaurin rai da rai, sai masu jiran hukuncin kisa. A wani gida da na ziyarta, layin masu jiran shari'a ya ninka na sauran duka a haɗe. Aka kawo mini wani bawan Allah da ake zargi da satar da ba ta taka kara ta karya ba. Ya ciro wata takarda daga cikin leda, ta sha ninki har rubutun ya fara gogewa, ita ce takardar da kotu ta tura shi ajiya da ita. Da muka lissafa tare, zaman da ya yi ya wuce iyakar ɗaurin da doka za ta ba shi da an same shi da laifin. Abin da ya roƙe ni bai wuce in taimaka a kai shi gaban alƙali ba, ko da ɗaure shi za a yi, don dai ya san ranar fita. Har yau maganar tana damuna.

Irinsa ba su da iyaka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin duniya ba a yanke musu hukunci ba. A Indiya, cikin mutum sama da 570,000 da ke tsare a ƙarshen 2022, kusan kashi 76 cikin 100 jiran shari'a suke. A Najeriya kusan biyu ne cikin kowane uku. A Ingila da Wales kusan ɗaya ne cikin biyar. A idon doka duk waɗannan ba su da laifi tukuna, kuma Ka'idojin Nelson Mandela na 2015, wato ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, sun ce a raba su da waɗanda aka ɗaure. To ka ga in ka ɗauki jimillar fursunoni ka kira su "masu laifi", ka yi wa miliyoyin mutane ƙazafi. Ka lura kuma da wani abu: Indiya da Najeriya duka suna cikin ƙasashen da ke da ƙarancin fursunoni in aka auna da yawan jama'a. Wanda ya tsaya a wannan adadi kaɗai zai ce lafiya lau, alhali cutar tana cikin tafiyar hawainiyar da shari'a ke yi.

Abu na biyu da ke ruɗa ɗalibai, har da wasu 'yan jarida, shi ne bambancin waɗanda ke ciki a rana guda da waɗanda suka shiga a shekara. Ɗauki gado biyu a ɗaki ɗaya. Na farko, mai kisan kai ne ke kai, an ɗaure shi shekara 10. Na biyu kuma masu ɗaurin wata ɗaya ne ke ta karɓa-karɓa a kansa. Duk ranar da ka leƙa za ka ce rabin mutanen ɗakin masu kisa ne. Amma cikin shekara 10 ɗin, mutum ɗaya ne ya kwana a gadon farko, 120 a na biyu. Ƙidayar rana guda tana kumbura manyan laifuffuka, ƙidayar masu shigowa tana fito da ƙanana. A Amurka, kafin annobar korona, ƙananan gidajen yari na gundumomi kan riƙe mutum 700,000 da 'yan kai a kowace rana, amma shigar da ake yi cikinsu a shekara ta haura sau miliyan 10. Don haka duk teburin da ka samu, ka fara tambaya: wace ƙidaya ce cikin biyun?

Amurka ta sake ba mu darasi a kan nau'in laifi. A gidajen yarin tarayya, kusan rabin fursunoni laifin ƙwaya ne ya kai su. A na jihohi, inda mafi yawan ɗaurarru suke, fiye da kashi 60 cikin 100 laifin ta da hankali ne, irin su kisa da fashi da fyaɗe. Mutum biyu za su iya yin gardama har dare, kowa da gaskiyarsa, don kowa gidan da ya duba daban.

Yanzu mu koma kan rukunonin da ka tambaya. Baƙaƙen fata kusan kashi 13 ne cikin 100 na Amurkawa, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ɗaurarru. 'Yan asalin Ostireliya ba su wuce kashi 4 na jama'a ba, amma sun kai kashi ɗaya cikin uku na fursunoni manya, ban da yara. 'Yan ƙabilar Maori a New Zealand ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'a ba, a kurkuku kuwa sun haura rabi. A Kanada 'yan asalin ƙasar kashi 5 ne, amma kusan rabin matan da ke gidajen yarin tarayya daga cikinsu suke. Mutane ne da babu abin da ya haɗa su a asali ko al'adar gado. Abin da ya haɗa su shi ne tarihin ƙwace ƙasa ko bauta, da talaucin da aka gada, da unguwannin da 'yan sanda suka fi sa wa ido. Ba na musun cewa a wasu wurare ana samun laifin da ya fi yawa a unguwar da talauci ya yi wa katutu. Ana samu, kuma mutanen unguwar ne suka fi shan wahalarsa. Amma a Amurka binciken da gwamnati ke yi kan shaye-shaye ya daɗe yana nuna farare da baƙaƙe kusan kunnen doki suke wajen amfani da ƙwaya, kamun kuwa ya fi faɗawa kan baƙaƙe nesa ba kusa ba.

Ka yi hattara kuma da ma'auni. Tunda matasa maza ne ke cika kurkuku ko'ina, duk al'ummar da matasanta suka fi yawa za ta fito da yawa ko da babu wani dalili. Haka batun baƙi: a Suwizalan kusan kashi 70 cikin 100 na fursunoni ba 'yan ƙasa ba ne, amma da yawansu ba ma mazauna ƙasar ba ne, kuma baƙo ba kasafai ake ba shi beli ba don ana tsoron ya tsere.

A ƙasashe masu arziki kuma gidajen yari sun fara furfura. A Ingila da Wales kusan ɗaya cikin shida ya haura shekara 50, saboda dogayen hukunce-hukunce da tsofaffin laifuffukan lalata da ake tonowa. A Japan akwai tsofaffi, musamman mata, da ke ta komawa saboda ɗauke-ɗauke a kanti, har wasu gandirobobi sun koma kamar masu jinya. Ƙarancin ilimi da rashin aikin yi kafin kamu, da taɓin hankali da shaye-shaye, duk sun fi yawa a ciki fiye da waje, haka ma tarin fuka inda cunkoso ya yi yawa.

Game da aikinka, kafin ka rubuta komai ka gano waɗanda aka bari a waje da lissafin. Wasu ƙasashe ba sa ƙirga na ofishin 'yan sanda ko na sansanin tsare baƙin haure ko na hannun soja. Adadin da Sin ke bayarwa na waɗanda aka yanke wa hukunci ne kaɗai. Ka duba kuma yadda aka tantance "babba". Yawancin ƙasashe daga shekara 18 suke farawa, amma inda babu takardar haihuwa, sau da yawa ɗan sanda ne ke duban yaro ya kintata shekarunsa, sai ɗan 16 ya tsinci kansa a ɗakin manya, a takarda kuma ya zama ɗan 20. In rahoton ƙasar da ka zaɓa ya nuna tarin 'yan 18 zuwa 20 fiye da kima, ka sa alamar tambaya a wurin, ka kuma faɗa wa malaminka dalili.