Firiza uku, janareta kVA 10: wa zai sayi man?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da lemo da ruwan sanyi a Gusau, firiza uku gare ni. Ɗan yayana da ke Legas ya ce zai samo mini janareta na hannu mai kVA 10 (ma'aunin ƙarfin inji) da araha, in riƙa ba maƙwabta wuta suna biyana. In tura masa kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka tura ko sisi tukuna. Kuskurenka ɗaya ne: yaron da bai taɓa duba bayan firizarka ba shi ka bari ya yanke maka girman inji. Ba na zarginsa da ha'inci, amma abin da ya gani da araha zai kawo maka, kai kuma ka yi ta zuba mai.

Juya kowace firiza, akwai takarda manne a bayanta da ke nuna wat nawa take ci. Galibi ba ta wuce 150 zuwa 250. Lokacin tashin kwampreso, wato injin sanyayawarta, ne take fizgar ninki uku ko fiye, na ɗan daƙiƙu. Haɗa firiza ukun da fanka da ƙwayayen wuta, da ƙyar ka haura wat 1,000. In kana kunna su ɗaya bayan ɗaya, inji mai kVA 3 zuwa 3.5 na gaske ya ishe ka. Na ce na gaske, don lambar da ake mannawa a jikin wasu injuna ta fi ƙarfinsu. Ka je da mai gyaran da ka yarda da shi, a ɗora masa kaya a gabanka, ka ji ko zai shaƙe.

Maganar sayar wa maƙwabta wuta kuwa, cire ta daga ranka. Na san wani mai shago da ya yi haka bayan cire tallafin mai a 2023. Ya ja wa shaguna shida waya, wata biyu ba a yi ba huɗu suka koma "gobe in sha Allahu". Tela ya ɓoye dutsen guga yana jonawa, inji ya ƙone, kuɗin gyara ya faɗo kan mai injin shi kaɗai, har gaisuwa ta yanke tsakaninsu.

Ka samu littafi, ka yi mako biyu kana rubuta awa nawa ake ɗauke wuta da cinikin da kake rasawa a ranar. Turo mini lissafin tare da abin da ka karanto a bayan firizojin, sai mu ga lita nawa cinikinka zai iya ɗauka a rana.