Amsa: ƙwaron da ke tsotse kwanson wake

Malam, ka ce kwanson wakenka na motsewa tun bai cika ba, kuma ka ga ƙwari masu ruwan ƙasa da ƙaya a kafaɗa. Mai tsotso ne wannan. Bakinsa kamar allura, yana soka kwanso ya shanye ruwan ƙwayar. Macen na jera ƙwai a bayan ganye, 'ya'yan su fito su yi cincirindo wuri guda, a nan suka fi sauƙin kashewa.

Shiga gona da sassafe ka karkaɗe su cikin bokitin ruwan sabulu. In sun yi yawa, daka 'ya'yan darbejiya, jiƙa su kwana, tace ka fesa. Maganin ƙwari na kanti kuwa, irin su Karate, kada ka fesa gab da roro.