Ciwon marar da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: me ya kamata nas ta sani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar aikin jinya ce a Sakkwato. Inda nake sanin makamar aiki, mata kan dawo wata bayan wata da ciwon mara, a ce sanyi ne, a yi musu allura su tafi. Me ya kamata a koya mana a kan wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyarmu. Ciwon da ya haura wata 3 ba a bi da shi kamar na tiyata ko karaya, kuma nan karatun jinya ya fi buƙatar gyara.

Ki fara da koyon tambaya. Ki roƙi 'yar rakiya ta ba ku wuri, don a gaban uwar miji mace ba za ta ce tana jin zafi lokacin saduwa ba. Ciwon yana tashi da al'ada? Da bahaya? Ma'aunin tsananin ciwo na 0 zuwa 10 yana da amfani, amma ki haɗa da abin da ta sani: tana iya sujada? Tana iya daka? Ki rubuta a katinta tare da kwanakin al'adarta.

Ba kowane ciwon mara ne sanyi ba. Endometriyosis, wato nama irin na cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, yana samun kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa shi, sikanin kuma yakan fito lafiya lau. Irin wannan a tura ta ga likitan mata, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Farasitamol kada ya wuce giram 4 a rana. Ibuprofen miligiram 400 ne sau 3 a rana, bayan abinci, ban da mai olsa, mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu. Ki tambayi abin da take saye a kemis, don shan maganin kashe zafi na diclofenac kullum, ga zafin Sakkwato ga ƙarancin shan ruwa, yana lalata ƙoda. Allurar kashe zafi ta pentazocine a kai a kai ta fi damunmu: jiki na sabawa da ita, naman wurin ya taurare har ya zama gyambo.

Idan likita ya rubuta amitriptyline don ciwon jijiya mai ƙuna, ki faɗa mata da dare ake sha, kuma sai an yi makonni kafin ya fara aiki. In ba ki faɗa ba, kwana uku za ta ajiye shi.