Ku Tambaya Mu Amsa: Ashar da Cin Mutunci a Gem ɗin Intanet

Wasiƙun wannan mako daga Katsina da Daura suka fito, kuma duk kuka ɗaya suke yi: bakin abokan wasa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga Ƙofar Ƙaura, ina buga PUBG Mobile da dare. In na faɗa tawagar baƙi, da an harbe ni da wuri sai su hau ni da zagi, har uwa da uba. Rannan raina ya ɓaci na jefa wa ɗayansu gurneti ya mutu. Yanzu an hana ni shiga wasan mutum huɗu, su ko suna nan suna bugawa. Wanga wane irin adalci ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Adalcin inji ne, shi kuwa inji abin da ya iya ƙirgawa shi yake hukuntawa. Gurnetinka a rubuce yake a wurin masu gem ɗin: wa ya jefa, wa ya mutu, a wane minti. PUBG Mobile na da makin ɗa'a mai farawa daga 100. Kashe ɗan tawagarka na zaftare shi, in ya yi ƙasa da 60 sai a rufe maka wasan mutum biyu da na mutum huɗu. Babu wata dabara sai ka koma wasan kai kaɗai, kana kammala shi lafiya, makin na hawa da kaɗan-kaɗan. Free Fire ma na da irinsa, kuma can wasan ranki, wato na neman hawa matsayi, ake fara hana mutum.

Zagin da suka yi maka kuwa da baki ne, ya bi iska. Kamfanonin sun fara sauraron murya: a 2023 kamfanin Activision ya saka wata manhaja mai suna ToxMod a Call of Duty na kwamfuta da na akwatin gem, tana tsinto zagi a hirar 'yan wasa. Da Ingilishi ta fara, daga baya aka ƙara mata Sifaniyanci da Fotugis. Hausa ba ta cikin jerin. Wato in Bahaushe ya danna maka ashar, inji bai san an yi ba, sai in kai ka kai ƙara.

To ga yadda za ka tsare kanka. Kusa da ƙaramar taswirar da ke saman allo akwai alama biyu, lasifika da makirfo. Kowacce na da zaɓi: kowa da kowa, 'yan tawaga kaɗai, ko a kashe. Tun kuna cikin jirgin da ke kai ku filin wasa ka mayar da su kan 'yan tawaga. In a cikin tawagar mai zagin yake, taɓa alamar lasifikar, sunayen abokan wasanka za su fito, ka kashe muryarsa shi ɗaya ka bar sauran. Kuskuren da aka fi yi shi ne kashe sautin wayar gaba ɗaya. Wanda ya yi haka ba zai ji takun abokin gaba ba, za a sake harbe shi da wuri, zagin ya ƙaru. Magana da tawaga kuma ba dole sai da baki ba, akwai gajerun saƙonni da aka riga aka tsara da alamar da ake dasawa a taswira.

In wasa ya ƙare kada ka yi saurin fita. A shafin sakamako ake yin rifot, wato kai ƙara. Zaɓi laifin da ya dace, wato zagi ko cin zarafi. Mutane da yawa don haushi sai su danna maguɗi, a duba a ga babu maguɗi, ƙarar ta faɗi. Inda aka ba da gurbin rubutu, rubuta jimla ɗaya da Ingilishi mai sauƙi: da Hausa ya yi zagin, ga ma'anarsa. Sannan ka yi masa bulok.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Zagi da yawa sabis ne ke jawo shi. Lambar nan da ke gefen allo, fing, tana nuna jinkirin da ke tsakanin wayarka da saba, wato kwamfutar kamfanin da ke gudanar da wasan. In tana ƙasa da 80 kana lafiya. In ta haura 150 za ka ga ka ɓuya a bayan bango amma harsashi ya same ka, abokan wasa su ɗauka ba ka iya ba. Ranar da ta yi ja, bar wasan ranki. Kuma in an cinye ka sau biyu a jere, ajiye wayar ka sha ruwa, wasa na uku cikin fushi ake yinsa.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Daura, ina buga Free Fire. Da na buɗe makirfo aka ji muryar mace shi ke nan, wasu batsa, wasu roƙon lamba. Akwai wanda na ba lambata saboda gurup ɗin tawagarmu, yanzu yana cewa in ban tura masa kuɗi ba zai haɗa hotona da na banza ya watsa.

AMSA: Ƙanwata, wannan na ƙarshe ya wuce tsokanar gem, laifi ne a dokar ƙasa. Kada ki tura ko kwabo, wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Kada kuma ki goge saƙonninsa don jin kunya, su ne hujjarki. Ɗauki hoton allo yadda lambarsa da rana da lokaci za su fito, ki adana saƙon muryarsa, ki tura kwafi wata wayar. A cikin gem ɗin buɗe shafinsa ki ɗauki lambar asusunsa, jerin alƙaluman nan da ke tare da sunansa. Suna ana canza shi da kati, lambar asusu ba ta canzawa. Sai kin gama tara wannan duka za ki yi masa bulok, don in kika fara da bulok nemo shafin nasa zai yi miki wuya.

Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗauri da tara ga mai yin barazana ta waya ko kwamfuta, har da barazanar ɓata suna don karɓar kuɗi. Ki gaya wa mahaifiyarki ko yayanki yau, ku kai ƙara ofishin 'yan sanda da hujjojin a hannu. Rundunar na da cibiyar laifukan intanet ta ƙasa a Abuja. Mun san abin da ke hana 'yan mata magana: tsoron a ce me ya kai ki gem da maza. Da wannan tsoron mutumin yake ciniki, ranar da gida suka sani jarinsa ya karye.

Don gaba: in da Facebook kika haɗa asusunki, duba ko hotonki na can ya biyo ki cikin gem ɗin, ki musanya shi da hoton zane. Kada sunan wasanki ya ƙunshi sunanki, garinku ko shekarar haihuwa. Lambar waya kuwa ba lamba ce kawai ba, manhajar Truecaller na iya fito da sunan mai ita, WhatsApp ya nuna hoto. A WhatsApp ki taƙaita hoton ga waɗanda kika adana lambarsu, ki hana a jefa ki gurup ba izini, ki kunna toshe ƙarar kiran baƙuwar lamba. Wasa kuma da tawagar da kika sani ya fi, ko a keɓaɓɓen ɗaki mai kalmar sirri.

TAMBAYA: Ina da gidan gem a Sabuwar Unguwa, PlayStation 5 guda biyu. Yara na buga ƙwallo da na harbi ta intanet, ihu da cika baki ba a magana. In na hana, sai su ce ai wasa ne, kuma Bakatsine ba a raba shi da ashar. Ina iyakar take?

AMSA: Malam, cika baki ba laifi ba ne, gishirin wasa ne. Ɗan dambe na kirari kafin ya shiga fage, masu dara a gindin bishiya na yi wa juna dariya, Bafulatani da Babarbare na tsokanar juna tun kaka da kakanni. Amma ka lura, ɗan dambe kansa yake yabo, abokin wasa kuma ya san da wa yake yi, ya san inda zai tsaya. A intanet wanda ke can ɓangaren bai san barkwancin Katsina ba, ba ya ganin murmushin mai maganar, kalmar tsirara take isa kunnensa. Ma'aunin da za ka ba su mai sauƙi ne: a taɓa wasan mutum, kada a taɓa mutumin. "Mai tsaron gidanka barci yake" ya halatta. Iyaye, ƙabila, addini, nakasa da barazanar "zan neme ka" sun fita. Hadisin nan da ke cewa mutum kan zagi uban wani sai a zagi nasa, ya zama shi ya jawo wa iyayensa zagi, kamar don gidan gem aka faɗe shi.

Kai kuma dukiyarka ce a kan layi, domin asusun naka ne. A PlayStation 5 wanda aka zaga na iya yanko daƙiƙa 40 daga minti biyar na ƙarshe na hirar murya ya aika wa Sony, kamfanin da ke yin PlayStation, su kuma suna dakatar da asusu, wani lokaci har akwatin kansa. Ga shi hannun gem ɗin da makirfo a jikinsa, a kunne yake tashi. Ƙaramin maɓallin da ke ƙarƙashin tambarin PS shi ke kashe shi, zai nuna wuta ruwan lemo. Abin da ya fi shi ne ka shiga saitin sauti, ɓangaren makirfo, ka sa ya riƙa tashi a kashe. A akwatin gem na Xbox kuwa tun 2023 laifi ake tarawa: wanda ya tara takwas an rufe masa hira da wasa da jama'a shekara guda.

Sa kuɗi a kan wasa kuma ka hana shi ƙememe, shi ke mayar da cika baki dambe. A Disambar 2017 a garin Wichita na Amurka, gardama kan cacar dala ɗaya da rabi a Call of Duty ta sa aka yi wa 'yan sanda kiran ƙarya, suka je wani gida suka harbe mutumin da ba ya ma cikin wasan. Wanda ya yi kiran shekara 20 aka yanke masa. Rubuta doka a jikin bango: ashar ɗaya, ka ajiye hannu minti goma, kuma a cikin lokacin da ka biya.

TAMBAYA: Ɗana shekararsa 11, tun da ya fara gem a wayata yake ɗurma wa ƙannensa zagin da ba mu taɓa yi a gidan nan ba.

AMSA: Hajiya, ta iyafis yake ɗauko shi, don haka fara raba shi da iyafis. Ya buga a falo, sauti a buɗe kina ji. Shiga saitin gem ɗin ki kashe hirar murya, ki duba jerin abokansa ki cire duk wanda bai iya gaya miki ɗan gidan wa ne ba. Ki duba shekarun da aka rubuta wa gem ɗin a Play Store kafin ki bar shi a wayar. In wayarsa ce daban, manhajar Family Link ta Google na ba ki damar ƙayyade masa awanni, kuma ba zai sauke sabon gem ba sai kin amince daga taki wayar.