Kaska ta cije ni ina da cikin wata shida

Wata 'yar'uwa da ke jihar Connecticut a Amurka ta rubuto cewa ta cire kaska a bayan gwiwarta bayan sun je yawo cikin ciyayi. Kwana goma da yin haka sai wurin ya yi jan zagaye yana ta ƙara faɗi. Cikinta wata shida, takardunta na izinin zama ba su fito ba, ba ta da inshorar lafiya. Mahaifiyarta kuma ta ce a waya kada ta kuskura ta ba jaririn nono idan ta haihu.

'Yar'uwa, ki je a duba ki yau, kada ki bari sai gobe. Wannan jan zagaye da ke bazuwa shi ne alamar farko ta cutar Lyme, wadda ta samo sunanta daga wani gari a jihar taku, inda aka fara lura da ita a 1975. Bakteriyar Borrelia ce ke jawo ta, kaskar kuma yawanci sai ta wuce kwana guda manne a fata kafin ta zuba ta cikin jini. Zanen, wato jan zagayen, yakan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 30 bayan cizon. Idan likita ya gan shi da idonsa ya isa a fara magani, domin gwajin jini a makonnin farko yakan nuna babu komai alhali cutar tana nan. Ki ɗauki hoton wurin da waya, ki ajiye tsabar kuɗi a gefensa don a ga girmansa.

Cutar na iya kaiwa ga mabiyiya idan aka yi sakaci, har ta taɓa ɗan tayin, sai dai ba kasafai hakan ke faruwa ba. Matan da suka sha magani a kan lokaci suna haihuwa lafiya lau. Ki fara gaya musu kina da ciki kafin su rubuta komai, saboda maganin doxycycline da ake ba sauran mutane ana kauce masa ga mai juna biyu. Amoxicillin ake bayarwa, mako biyu zuwa uku, kuma ki shanye shi duka ko da zanen ya ɓace.

Batun nono kuwa, ki lallaɓa Hajiya da magana mai daɗi, tsoro ne ya sa ta faɗi haka. Ba a taɓa tabbatar da jaririn da ya kamu da Lyme ta hanyar shan nono ba. Ki shayar da abinki.

Na san takardun ne suka fi damun ki. Tun 1986 dokar Amurka ta wajabta wa sashen gaggawa na asibiti ya duba duk wanda ya zo, da takardu ko babu, sai dai takardar kuɗi za ta biyo ki gida, kuma tana da nauyi. Ni da zan zaɓa miki, ki fara da ƙaramin asibitin al'umma mafi kusa, inda ake yanke kuɗi daidai da samun mutum. Ki tambaye su kuma tallafin lafiya da jiharku ke ba masu ciki, ku cike fom ɗin a nan take.