Amsa ga ƙanwarmu da maigida ya tafi ya bari da yara biyu

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na karanta abin da kika rubuto: maigida ya sa ƙafa ya fice, ba saki ba kuɗin cefane, ga goyo ga na yaye, danginsa kuma sun fara zancen za su zo su ɗauki babban. Allah Ya kawo miki mafita. Ni ma haka aka bar ni da nawa, yanzu suna sakandare, don haka zan yi miki magana ba ƙumbiya-ƙumbiya.

Masu ce miki ki yi haƙuri ba su yi laifi ba, amma ki fara sanin matsayinki tukuna. Idan bai furta saki ba, igiyarsa tana kanki, ci da sha da wurin kwana duk suna wuyansa. Ki sa waliyyinki ya nemi manyansa a zauna. In sun yi ta waina ku, in a Kano kike ga Hisbah nan, irin wannan sulhun suke yi kullum. In sulhu ya gagara sai kotun shari'ar Musulunci, alƙali yana da ikon raba aure idan miji ya daina ciyarwa. In kuwa ya riga ya sake ki, ki nemi takarda mai kwanan wata da shaidu. Kada ki zauna shekara da shekaru ke ba matar aure ba ke ba bazawara ba.

Zancen ɗaukar yaro kuma, kada ya hana ki barci. Al'ada ce kawai. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, riƙon yara na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ko kin sake aure, mahaifiyarki tana gaban dangin uba a wannan haƙƙin. Ciyarwa da tufatarwa kuwa na uba ne, ki duba aya ta 233 a Suratul Baƙara. Nan ne mata da yawa suke cutar kansu, zuciya ta ɗebe su su ce ba sa son ko sisinsa. Ai kuɗin ba naki ba ne balle ki yafe, na yaran ne. A yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, a rubuta, ya riƙa turowa ta banki don a sami shaida. In babu kuɗin lauya, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa mata kyauta.

Sai dai ko an yanka, kada ki ɗora tukunya da shi, wani watan zai zo wani watan shiru. Ni awara na fara soyawa a ƙofar gida bayan la'asar, lokacin da 'yan Islamiyya suke tasowa. Gwangwani biyu na ajiye ƙarƙashin gado, ɗaya na uwar kuɗi ɗaya na riba, ko yaro na kukan biskit ba na taɓa na farkon. Ki shiga adashin da ba zai shaƙe ki ba. Bashin nan na manhajar waya kuwa ki guje shi, ranar da kika makara duk lambobin da ke wayarki za su bi suna tona miki asiri.

Babban zai tambaye ki ina Baba. Kada ki ce ya yi tafiya gobe zai dawo, yaro yana lissafi. Ki ce Baba yana wani gida yanzu, kuma ki nuna wa yaron cewa ba shi ya jawo ba. Zagin uban a gabansa ki haɗiye shi, ko da ya cancanta. Nawa har fitsarin kwance ya dawo masa, ban doke shi ba, da hankalinsa ya kwanta ya daina.

Ke ma ki kula da kanki, mai shayarwa ce ke. In barci da cin abinci suka ƙaurace miki har makonni, ki je asibiti ki faɗa wa likita, ba raunin imani ba ne. Manema za su zo, wasu tun ba ki gama idda ba, babu gaggawa.

Yau ɗin nan ki tattara takardun haihuwar yaran da katin rigakafinsu da rasit ɗin kayan ɗakinki in kina da su, ki kai gidan Hajiyarku a adana miki.